Pan Am: Kamfanin da Ya Ɗauki Tutar da Ba Tasa Ba

Da yawa daga cikinmu da muka taso muna ɗaga kai in jirgi ya gifta ta saman Kano ba mu san cewa filin nan na jirgi ya taɓa zama zango ga wani kamfanin Amurka mai suna Pan American, wanda duniya ta fi sani da Pan Am, ba. A 1941, ana tsakiyar yaƙin Hitila, shugaban Amurka Roosevelt ya ɗora wa kamfanin aikin buɗe hanyar sama da za ta ratsa Afirka don kai wa Ingila jirage da kayan yaƙi a Masar. Hanyar ta tashi daga Akra, ta bi Legas, Kano, Maiduguri, ta shiga Chadi, ta wuce El Fasher da Kartum har Alƙahira. A lokacin Amurka ba ta ko shiga yaƙin ba tukuna, don haka ba ta iya turo sojojinta a fili, sai ta turo ɗan kasuwa. Kafin ƙarshen 1942 soja suka karɓe aikin. A ganinmu wannan ɗan labari ya ƙunshi rayuwar kamfanin baki ɗaya, watau kamfani ne na 'yan kasuwa masu hannun jari, amma aikin gwamnati yake yi, da inuwarta yake tafiya, alhali ba ita ta haife shi ba.

An kafa shi a 1927, kuma dalilin kafa shi ma tsoro ne. Akwai wani kamfanin jirage na Jamusawa a ƙasar Kolombiya mai suna SCADTA, wanda hukumomin Amurka ba su so ya matso kusa da mashigin ruwan Panama ba. Ba a jima ba ragamar sabon kamfanin ta faɗa hannun wani saurayi, Juan Trippe, ɗan gidan masu hali da ya yi karatu a jami'ar Yale, yana da abokai 'ya'yan attajirai, ya kuma san ƙofar kowane ofis a Washington. A watan Oktoba na wannan shekara suka fara jigilar wasiƙu daga Key West zuwa Habana ta ƙasar Kuba, tafiyar mil 90 kacal. To, a nan sirrin yake. Fasinja ba su ne ke riƙe da jirgin sama a wancan zamani ba, kwangilar gidan waya ce. Dokar 1928 ta yarda a biya har dala 2 a kan kowane mil ga mai ɗaukar wasiƙun ƙetare, kuma kusan duk kwangilar da aka fitar Trippe ne ya kwashe ta.

Amma kada mai karatu ya ɗauka gata ne kawai. Mutumin nan yana da ƙarfin hali irin wanda ba a cika samu ba. Da ya ƙuduri ratsa tekun Pasifik, sai aka tarar babu jirgin da zai iya tafiyar ba tare da ya sha mai a hanya ba. Ya duba taswira ya ga wani ɗan tsibiri, Wake, wanda ba kowa a kai, ba ko ruwan sha. Ya sa aka loda wa jirgin ruwa katako, injuna, mai da ma'aikata, aka je aka gina zango a can da kuma Midway. A watan Nuwamba na 1935 jirginsa mai sauka a kan ruwa, China Clipper, ya tashi daga San Francisco ya isa Manila cikin kwana shida. A 1939 suka fara ratsa Atilantika da fasinja. A watan Janairu na 1943 kuwa jirginsu ne ya ɗauko Roosevelt ya sauke shi a Gambiya a kan hanyarsa ta zuwa taron Kasabalanka.

Bayan yaƙi Trippe ya nemi a yi doka da za ta sa Amurka ta kasance da kamfani ɗaya tilo mai zuwa ƙetare, kamar yadda Ingila da Faransa suke da nasu. Ba sai an faɗi wanda yake nufi ba. Majalisa ta ƙi. Maimakon haka aka ba TWA da wasu izinin fita waje su yi gogayya da shi, shi kuma aka ci gaba da hana shi jigila tsakanin biranen cikin gida. Wannan ita ce ɓarakar da ta cinye ginin daga baya, sai dai a lokacin babu wanda ya damu da ita, don kasuwa tana ci. A ranar 26 ga Oktoba 1958 Boeing 707 na kamfanin ya tashi daga New York zuwa Paris, zamanin jirage masu farfela ya fara shuɗewa. Suna ya kai inda har wani fim na 1968 ya nuna kumbo mai ɗauke da tambarin Pan Am yana kai mutane sararin samaniya, kuma mutum fiye da 90,000 suka rubuta sunayensu a ofisoshinsa suna jiran kujerar zuwa duniyar wata. Mu dai ba mu ji wanda ya samu tafiyar ba.

A 1966 Trippe ya yi odar Boeing 747 guda 25 a kan dala miliyan 525, jirgin da ko ƙera shi ba a yi ba. Ya yi murabus a 1968, ya bar wa magadansa biyan bashin. Jiragen suka iso a 1970 daidai lokacin da tattalin arziki ya ja baya, ga kujeru ɗaruruwa ba masu zama. A 1973 farashin mai ya yi tashin gwauron zabo. Kamfanonin da yake gogayya da su a Turai na gwamnatoci ne, in sun faɗi baitulmali ya tashe su. Pan Am ya je Washington a 1974 neman tallafi, aka ce masa ai shi ɗan kasuwa ne, ya je ya ji da kansa. Har Sarkin Iran aka yi magana da shi kan ya zuba kuɗi, maganar ta watse. Masu iya magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Ana cikin haka sai ga hatsarin Tenerife na 27 ga Maris 1977, inda jirgin KLM ya taso cikin hazo ba tare da cikakken izini ba ya afka wa na Pan Am a kan titin tashi, mutum 583 suka rasu. A 1978 gwamnatin Carter ta sakar wa harkar jiragen sama mara, kowa ya tashi inda ya ga dama. Kamfanonin cikin gida, waɗanda ke da biranen da za su tara fasinja, suka fara leƙa ƙetare. Shi kuwa Pan Am, da ƙishirwar shekara talatin ta hanyoyin gida, ya yi gaggawar sayen kamfanin National a 1980 a kan fiye da dala miliyan 400. A nan muke ganin shugabanninsa sun yi babban kuskure da hannunsu, domin sun sayi abin da doka ta riga ta bayar kyauta, kuma hanyoyin National ba su ma dace da bukatarsu ba, ga rigimar haɗa ma'aikatan gida biyu masu albashi daban.

Daga nan sai cin gado. Dogon benensa na New York ya tafi a kan dala miliyan 400. Otal-otal ɗinsa na InterContinental suka bi a 1981 a kan miliyan 500. A 1985 aka amince a sayar wa United duk hanyoyin Pasifik a kan miliyan 750, watau hanyoyin nan da aka faro da jidar katako zuwa tsibirin Wake. Kowane ciniki yakan biya bashin bana, ya rage abin da za a samu baɗi.

Tutar da bai ci moriyarta ba kuwa ta ci gaba da jawo masa abokan gaba, don duk mai jin haushin Amurka ba ya ganin bambanci tsakaninta da shuɗin tambarin nan. A 1986 'yan bindiga suka kame jirginsa a Karachi, aka kashe mutane. A ranar 21 ga Disamba 1988 bam ya tarwatsa jirginsa mai lamba 103 a saman garin Lockerbie na Sikotland, mutum 259 na ciki da 11 na ƙasa suka mutu. A 2001 aka yanke wa wani jami'in Libiya hukunci, a 2003 kuma Libiya ta amince ta ɗauki alhaki. Ba za mu wanke kamfanin ba, domin a 1992 wata kotun New York ta same shi da sakaci da gangan wajen binciken kaya, jakar da bam ɗin ke ciki ta hau jirgi ba mai ita. Fasinja suka gudu. Ana kukan targaɗe sai ga karaya, Iraƙi ta mamaye Kuwait a 1990, mai ya sake tsada, mutane suka daina tafiya. Aka sayar da hanyoyin Landan, a ranar 8 ga Janairu 1991 kamfanin ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi.

Delta ya saye hanyoyin Turai, ya kuma yi alkawarin tallafa wa ɗan abin da ya saura don ya ci gaba da zuwa Kudancin Amurka daga Miami. A farkon Disamba ya janye hannunsa. Ranar 4 ga wata wani Boeing 727 da ya taso daga Barbados ya sauka a Miami, motocin kashe gobara suka yi masa feshin ruwa na ban kwana, ma'aikata wajen 7,500 suka wayi gari ba aiki. Sunan kansa an yi gwanjonsa, ya yi ta sauya hannu, har a 2006 wani kamfanin jirgin ƙasa na arewa maso gabashin Amurka ya laƙa shi a jikin taragun ɗaukar kaya, kafin shi ma a saye shi a 2022.