Minti Biyar a Tsibirin Firinsife

A cikin tekun Gini, kudu da gaɓar Nijeriya, akwai wani ɗan tsibiri mai suna Firinsife. Shi da tsibirin Sao Tome ƙasa ɗaya ce, wadda ta sami 'yancin kai daga Fotugal a 1975. Da yawa daga cikinmu ba mu san wannan maƙwabciya ba, amma a can aka ɗauki wasu hotunan husufin rana da suka shiga tarihin ilimi.

Labarin ya fara a Jamus. A 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko, wani masani mai suna Albert Einstein ya ce hasken tauraro yakan ɗan karkace in ya bi ta kusa da rana, domin nauyinta. Gwada wannan magana da wuya, gama da rana ba a ganin taurari, da dare kuma babu rana. Hanya ɗaya ce ta rage, wato a jira husufi, lokacin da wata zai rufe rana, gari ya yi duhu kamar dare, taurari su fito.

A Ingila, masana da yawa ba su so su saurari ilimin da ya fito daga ƙasar abokan gāba. Arthur Eddington na Jami'ar Kambirij bai bi su ba. Shi Kirista ne ɗan ɗariƙar Quaker, waɗanda ba su yarda da ɗaukar makami, ya kuma ƙi shiga soja saboda bangaskiyarsa. Bayan yaƙi, aka shirya ƙungiya biyu don husufin 29 ga Mayu 1919: ɗaya ta tafi Sobral a Brazil, Eddington da abokin aikinsa Edwin Cottingham suka nufi Firinsife.

Kafin su tashi, an riga an ɗauki hoton waɗannan taurari da dare a Oxford, don a san ainihin mazauninsu. Sun iso tsibirin a watan Afrilu, suka kafa madubin hangen nesa a wata gonar koko da ake kira Sundy. Leburorin gonar ne suka ɗauki kaya, suka taimaka wajen kafa rumfuna.

Da ranar ta zo, gari ya waye da ruwan sama mai ƙarfi. Sai wajen tsakar rana ruwan ya ɗauke, amma gizagizai ba su watse ba. Duhun ya yi kamar minti biyar kawai. Eddington bai sami zarafin kallon sama sosai ba, yana ta sauya farantan gilashi da ake ɗaukar hoto a kansu a zamanin. Ya ɗauki hoto 16. Biyu kaɗai suka nuna taurari yadda za a iya aunawa.

Karkacewar da ake nema a kan gilashin ba ta kai kaurin gashin kai ba. Duk da haka, da aka gwada da hotunan dare, an ga taurarin sun ɗan gusa, kusan daidai da lissafin Einstein. Hotunan Sobral ma, waɗanda suka fi fita, sun nuna haka. Aka sanar da duniya a Landan ran 6 ga Nuwamba 1919.

Daga baya wasu sun yi shakka, suka ce hotuna biyu ba su isa shaida ba. Wannan tambaya ce mai kyau. Amma husufin 1922 a Ostareliya, da awon da aka yi ta yi bayansa, sun tabbatar da maganar. Cikin shekara guda bayan an daina harbe-harbe, Baturen Ingila ya ƙetare teku, ya sha ruwan sama, don ya gwada maganar masanin Jamus, ya kuma shaida cewa gaskiya ce.