Randa da Zafin Bazara a Ƙasar Gwangwan

Tun kafin a san wutar lantarki a ƙasar Karaye da Rogo, balle a ga firiji ko na'urar sanyaya ɗaki, mutanen Gwangwan sun riga sun yi wa bazara tanadi, domin kuwa duk gidan da ka shiga a watan Afrilu, sa'ad da rana take ƙwallewa har ƙasa ta gagari tafin ƙafa, za ka iske randa girke bisa jiƙaƙƙen yashi a inuwa, an rufe bakinta da faifai, an kifa moɗa a kai.

Sirrin wannan hikima yana cikin yumɓun kansa, gama jikin randa cike yake da ƙofofin da ido ba ya gani, waɗanda ruwa ke tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busar da shi, ta tafi da zafin. Saboda haka idan randa ta daina sanyi, dattijuwar gida takan nemi sababi a wuri uku: ko dauɗa da gansakuka sun toshe jikinta, ko yashin ya bushe, ko kuwa an kai ta lungun da iska ba ta ratsawa, sai ta sa a kankare ta, a shanya, a turara, a sake mata mazauni. Illa ɗaya ce ba ta da magani, wato laimar damina, wadda ke hana tsattsafin bushewa.

A kan wannan asali ne Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa, wanda ya fito daga zuriyar magina tukwane, ya saka ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, har kayan gwari suka riƙa yin makonni ba su lalace ba, aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Ita ma na'urar sanyaya ɗaki ta zamani aikinta ke nan, ta kwashi zafin ɗaki ta fitar waje, kuma akasarin larurarta irin ta randa ce: ƙurar hunturu ta toshe rariyarta, ko a kafa ta inda ba iska, alhali tana da ƙarin wahalar yoyon gas da raunin wuta. Wanda tasa ta gaza, ya fara wanke rariyar kafin ya kira mai gyara, randar tsakar gida kuwa kada ya yasar da ita.