Shanun Askiya a Tondibi

Duk makiyayin da ke kora garke a gefen dajin Rugu, daga Zakka zuwa Batsari, ya san abin da saniya ke yi in ta ji ƙarar bindiga. Ta ɗaga wutsiya, ta juya, ba ta ƙara sanin mai ita. Wannan halin nata yana cikin abin da ya kayar da daular Songhai.

Tura shanu cikin abokan gaba tsohuwar dabara ce. A shekara ta 217 kafin haihuwar Annabi Isa, Hannibal na Kartaj ya ɗaura itace a ƙahonnin shanu kusan 2,000, ya cinna wuta, aka kora su kan tudu cikin dare. Rumawa suka zaci runduna ce, suka bar mashigin da suke tsare, ya sulale. Shi yaudara ya nema da su, bai ɗora musu yaƙin ba.

Askiya Ishaƙ na biyu, sarkin Songhai, kuwa ya ɗora musu. Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur, da ke hangen gishirin Tagaza da zinariyar Yammacin Afirka, ya turo Judar Fasha daga Marrakesh a 1590 da mutum wajen 4,000. Suka ratsa Sahara, aka haɗu a Tondibi, arewa da Gawo, babban birnin Songhai, cikin Maris 1591. Songhai sun fi su yawa nesa ba kusa ba, amma da kibau da masu da dawakai. Baƙin na da bindigogi har da igwa.

Aka jera shanu kimanin 1,000 a gaba, don su tare harsashi, su tattake sahun 'yan bindiga, dakaru na biye cikin ƙura. A ganina dabarar ba wauta ba ce, da a ce kibau za su fuskanta. Sai dai waɗannan shanu ba su taɓa jin aradun igwa ko warin albarushi ba. Ana buɗe wuta suka juyo, suka bi ta kan masu su. Gawo ta faɗi, Timbuktu ta bi baya.

An maimaita kuskuren a 1941. Sojojin Rasha suka ɗaura wa karnuka nakiya don su shiga ƙarƙashin tankokin Jamus. Da yawa suka firgita da harbi, suka komo ramukan masu horar da su, nakiyar na a bayansu.