Malaman ziyara a firamaren Ingila: su wane ne, me suke yi, wa ke biyan su?

A shekarar karatu ta 2022/23, makarantun gwamnati a Ingila sun kori ɗalibai kusan 9,400 kora ta dindindin, sun kuma yanke hukuncin dakatarwa kusan sau 787,000. Mafi yawan waɗanda abin ya shafa 'yan sakandare ne, amma fiye da dubu ɗaya daga cikin korarrun 'yan firamare ne, wato yaran da ba su wuce shekara 11 ba. Dalilin da makarantu suka fi rubutawa shi ne yawan hargitsa aji.

Kafin a kai ga kora, akwai wasu ma'aikata da ake kira su shigo makaranta daga waje domin su taimaka wa malamai su riƙe yaron. Ba su da aji nasu a makarantar, ba su kuma cikin ma'aikatanta. Suna zuwa ne su duba, su ba da shawara, su horar, su tafi, su sake dawowa. A wannan bayani za mu kira su malaman ziyara.

Waɗanne yara ake nufi?

Dokar Yara da Iyalai ta 2014 ita ce ginshiƙin tsarin kula da masu buƙatu na musamman a Ingila a yau. Kundin ƙa'idojin da ya biyo bayanta ya kasa buƙatun yara gida huɗu: magana da mu'amala, fahimta da koyo, naƙasar jiki ko ta gani da ji, sai kuma matsalolin zamantakewa da na zuci da lafiyar ƙwaƙwalwa. Malaman ziyarar da muke magana a kansu suna aiki ne da rukunin ƙarshe.

Sunan rukunin kansa yana da tarihi. A kundin 2001, kalmar “ɗabi'a” ce ke kan gaba wajen siffanta waɗannan yara. Sabon kundin ya cire ta da gangan. Hujjar ita ce, ɗabi'ar da ake gani alama ce, ba ita ce cutar ba. Yaron da ke jifa da kujera da yarinyar da ke ɓuya ƙarƙashin tebur ba ta cewa uffan, mai yiwuwa abu guda ke cin su: fargaba, ko rashin wani makusanci, ko tashin hankali a gida, ko matsalar fahimtar magana da ba a gano ba. Kundin ya haɗa da yaran da ke fama da matsananciyar damuwa, da masu cutar da kansu, da masu matsalar cin abinci, da masu wahalar tsayar da hankali wuri guda, da waɗanda ba su samu shaƙuwa mai ƙarfi da wani babba ba tun suna jarirai.

Adadin irin waɗannan yara yana ƙaruwa. Binciken hukumar lafiya ta NHS ya nuna cewa a 2017, yaro ɗaya cikin tara daga masu shekara 5 zuwa 16 yana da alamun matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa. A tsakiyar 2020, lokacin kullen korona, adadin ya koma ɗaya cikin shida.

Daga ina aikin ya samo asali?

A 1969, wata masaniyar halayyar yara mai suna Marjorie Boxall tana aiki a Hackney, unguwar talakawa a gabashin Landan. Ta lura cewa yara da dama suna shiga firamare ba tare da sun koyi abubuwan da ake koya a cinyar uwa ba: jiran layi, raba abin wasa, amincewa da babba, jure wa jin “a'a”. Sai ta ƙirƙiro ajin reno, wato ƙaramin aji na yara shida zuwa goma sha biyu da manya biyu, a ɗaki mai kama da gida, inda ake karya kumallo tare a tebur guda. Yaron bai rabu da ajinsa na asali ba, kuma manufar ita ce ya koma cikinsa gaba ɗaya bayan zango biyu zuwa huɗu. Tunanin ya dogara ne kan nazarin John Bowlby game da shaƙuwar jariri da mai renonsa.

A 1978, kwamitin da Mary Warnock ta jagoranta ya fitar da rahoton da ya sauya alƙiblar ƙasar. Maimakon a kasa yara bisa sunan naƙasa, rahoton ya ce a dubi abin da kowane yaro ke buƙata domin ya koyi karatu, ya kuma ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin biyar zai buƙaci ƙarin taimako a wani lokaci na karatunsa. Dokar Ilimi ta 1981 ta ɗauki wannan ra'ayi. Da zarar an yarda cewa mafi yawan waɗannan yara za su zauna a makarantun kowa da kowa, sai tambaya ta taso: ta yaya ƙwarewar da ke makarantu na musamman za ta isa ga malamin da ke da yara talatin a gabansa? Amsar ita ce a ɗauki ƙwararren a kai shi inda yaron yake.

Su wane ne, kuma daga ina suke fitowa?

Ba su da uwar gida guda. Wasu tawagogin na ƙaramar hukuma ne kai tsaye. Wasu suna fitowa daga makarantu na musamman da aka ware wa masu irin wannan buƙata. Wasu kuma daga cibiyoyin da ke karɓar ɗaliban da aka kora ko suka kasa zama a makaranta, waɗanda dokar 1993 ta ba su matsayi a hukumance. A tawaga ana samun malamai masu dogon gogewa, da mataimakan malamai da aka horar, da ma'aikatan da ke hulɗa da iyalai. Suna aiki kafaɗa da kafaɗa da masana halayyar yara na ƙaramar hukuma.

Akwai wasu ma'aikata biyu da ake yawan rikita su da malaman ziyara. Na farko su ne mataimakan da aka sani da ELSA, tsarin da masaniyar halayya Sheila Burton ta gina a Southampton da Hampshire. Su ma'aikatan makarantar ne da aka horar su koya wa yaro gane fushinsa da tsoronsa, masana halayya kuma suna sa ido a kan aikinsu lokaci-lokaci. Na biyu su ne tawagogin lafiyar ƙwaƙwalwa na NHS da gwamnati ta sanar a takardar manufa ta Disamba 2017, waɗanda ke kula da damuwa mai sauƙi zuwa matsakaiciya. Bambancin shi ne, malamin ziyara ya fi mai da hankali kan aji da manyan da ke cikinsa.

Yadda aikin ke tafiya

Doka ta wajabta wa kowace makarantar gwamnati ta naɗa malami guda mai kula da harkar buƙatu na musamman. Galibi shi ne ke rubuta takardar neman taimako, da amincewar iyaye. Ana sa ran makarantar ta nuna abin da ta riga ta gwada, domin kundin ƙa'idoji ya shimfiɗa matakai huɗu da ake maimaitawa: a auna, a tsara, a aiwatar, a sake dubawa.

A ɗauki misalin yaro ɗan shekara bakwai da ke fashewa da kuka da duka kusan kullum. Malamin ziyara zai fara ne da zama a bayan aji yana rubuta abubuwa uku: me ya faru gab da tashin hankalin, me yaron ya yi, me ya biyo baya. Zai zanta da malamar aji, da iyaye, da yaron kansa. Yana iya amfani da ma'aunin Boxall, ko kuma takardar tambayoyi 25 da Robert Goodman ya wallafa a 1997 domin auna ƙarfi da raunin yaro. Sau da yawa rubutun kan fito da abin da ido bai kama ba. Ƙila rikicin yana tashi ne duk lokacin da aka ce a yi rubutu, kuma duk lokacin da ya tashi ana fitar da yaron waje. Ke nan yaron ya koyi cewa duka ita ce hanyar tsira daga aikin da yake jin kunyar kasawa a kai.

Shawarwarin da ke biyo baya ƙanana ne a ido. Jadawalin hotuna da ke nuna wa yaro abin da ke tafe. Gargaɗin minti biyar kafin a sauya darasi. Babba guda da zai tarbe shi kowace safiya. Lungun da zai je ya huce ba tare da an ɗauke shi a matsayin horo ba. Rage tsawon aikin rubutu har ya ɗanɗani nasara. Ana kuma koya wa ma'aikata yadda za su sassauta murya da tsayuwa idan yaro ya harzuƙa, domin babban da ya ɗaga murya wuta yake ƙara wa fetur. Bayan wasu makonni malamin ziyara zai dawo a duba ko an samu sauyi. Ma'aunin nasararsa shi ne ranar da makarantar ta daina buƙatarsa.

Idan duk wannan bai wadatar ba, rahotonsa kan zama hujja wajen neman takardar shirin ilimi da lafiya da kulawa, wadda ke ɗora wa ƙaramar hukuma nauyin doka na samar da abin da aka rubuta a cikinta. Doka ta ba da mako 20 a kammala takardar.

Me ya sa batun ya zama na siyasa?

A watan Mayun 2019, Edward Timpson, tsohon ministan harkokin yara, ya fitar da rahoton binciken da gwamnati ta sa shi kan korar ɗalibai. Ya gano cewa kashi 78 cikin ɗari na korar dindindin ta faɗa ne kan yaran da ke da buƙatu na musamman, ko waɗanda hukumar jin daɗin jama'a ke bibiya, ko masu cin abincin makaranta kyauta saboda talauci. Ya kuma nuna cewa yaran da asalinsu baƙaƙen fata ne na Karebiyan sun fi fararen Birtaniya fuskantar kora, ko da an cire tasirin talauci da sauran dalilai. Rahoton ya taɓo wata hanya ta bayan fage, inda ake matsa wa iyaye su cire ɗansu da kansu domin kada sunansa ya shiga lissafin kora.

Dokar kora tana da iyakoki. Ba a dakatar da yaro fiye da kwana 45 na karatu a shekara guda. Idan an kore shi gaba ɗaya, wajibi ne ƙaramar hukuma ta samar masa da cikakken karatu daga rana ta shida. Iyaye na iya kai ƙara gaban kwamiti mai zaman kansa, sai dai kwamitin ba shi da ikon tilasta a mayar da yaron. Iyakarsa ya umarci hukumar makarantar ta sake nazari.

A Maris 2023 gwamnati ta fitar da shirin gyara wanda ya kasa aikin cibiyoyin korarrun ɗalibai hawa uku. Hawan farko shi ne taimako a cikin makarantar yaron, wato aikin malaman ziyara. Na biyu zaman ɗan lokaci a cibiya sannan a koma. Na uku zaman da ke share hanyar sauya makaranta. A takarda dai, an sa rigakafi a gaba.

Wa ke biya?

Nan ne gizo ke saƙar. Ana sa ran kowace makaranta ta ɗauki nauyin fam 6,000 na farko na ƙarin taimakon da yaro ke buƙata daga kasafinta. Abin da ya haura wannan yana fitowa ne daga asusun manyan buƙatu da ke hannun ƙaramar hukuma. Gurbi guda a makaranta ta musamman yana farawa ne daga fam 10,000 a shekara kafin a ɗora ƙari, a makarantu masu zaman kansu kuwa kuɗin kan ninka haka sau da yawa.

Tun bayan Dokar 2010 da ta faɗaɗa makarantun da ke cin gashin kansu daga ƙananan hukumomi, da sauyin rabon kuɗi na 2013, kuɗin da ake riƙewa a tsakiya domin tallafin ɗabi'a ya koma hannun makarantu. A wurare da dama tawagar ziyara ta zama hajar sayarwa: makarantar da ke da hali ta saya, wadda ba ta da shi ta haƙura. Doka ta tilasta samar da abin da ke cikin takardar shirin yaro, ta tilasta samar wa korarre gurbi, amma ba ta tilasta wa kowace ƙaramar hukuma ta riƙe tawagar ziyara ba. Idan aljihu ya yi zafi, abin da ba dole ba shi ake fara yankewa.

Rahoton ofishin babban mai binciken kuɗi na ƙasar, na Oktoba 2024, ya nuna inda aka kwana. Masu takardar shiri sun tashi daga 240,000 a 2015 zuwa 576,000 a Janairun 2024. Kasafin manyan buƙatu ya kai fam biliyan 10.7 a 2024/25, amma ofishin ya ce tsarin ba zai ɗore ba ta fuskar kuɗi, kuma sakamakon yaran bai inganta ba. A 2023, rabin takardun ne kawai aka kammala cikin mako 20. Iyayen da suka kai ƙara kotun musamman kuwa suna yin nasara a kusan duk shari'ar da aka yanke. Iyaye sun fahimci cewa takarda ce kaɗai ke da haƙori, don haka kowa ya nufe ta, kuɗi ya bi ta, taimakon farko kuma ya ƙara ƙanƙancewa.

Abin da ya haɗa mu da batun

Alƙawarin koyar da kowane yaro tare da tsaransa ba na Ingila kaɗai ba ne. Sashe na 24 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa ya tanadi haka, yarjejeniyar kuma ta haɗa da masu matsalar ƙwaƙwalwa mai daɗewa. Nijar ta amince da ita a 2008, Birtaniya a 2009, Najeriya a 2010. A Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar hana nuna wa masu naƙasa wariya a Najeriya, a Janairun 2023 kuma aka sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958.

Abin da tarihin Ingila ya nuna shi ne, rubuta haƙƙi a doka bai isa ya kai ƙwararre ƙofar aji ba. Sai an faɗi wanda zai je, an ware albashinsa, an kuma kare wannan layi na kasafi daga almakashi. Inda ba a yi haka ba, malamin aji kan rage shi kaɗai da yaron da bai san yadda zai yi da shi ba, kuma mafita mafi sauƙi a gare shi ita ce ya nuna masa ƙofa.