Daga Fadar Fumban Zuwa Venis: Wa Ke Ba Da Labarin Kayanmu?



A shekarar 1908, Sarki Njoya na Bamum ya aika wa Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu karagar mulkinsa mai suna Mandu Yenu, wadda aka yi mata ado da duwatsu da wuri. Har yau tana Barlin. Ba ita kaɗai ba ce, domin wani bincike da masanan Kamaru da na Jamus suka fitar a 2023 ya ƙirga kayan Kamaru fiye da 40,000 a gidajen tarihin Jamus. Shekara da shekaru baƙi ne ke zaɓar abin da za a nuna daga cikinsu, su ne kuma ke rubuta bayanin da mai ziyara zai karanta.

Wannan zaɓi da wannan rubutu su ne aikin mai kula da gidan adana kayan fasaha. Shi ke bin asalin kowane kaya, wa ya ƙera shi, ta wace hanya ya iso. Shi ke tsare shi daga gara da danshi, ya shigar da shi rajista, sannan ya jera shi yadda zai yi magana da jama'a. Yawanci mai neman aikin yakan karanta tarihin fasaha a jami'a, ya zauna ƙarƙashin manya yana koyo, kamar yadda almajiri ke zama gaban malami, kafin a danƙa masa amana.

Amma Koyo Kouoh, 'yar Duwala, ta bi wata hanyar. An haife ta a 1967, ta koma Suwizalan tana shekara 13, ta karanta harkar banki da kasuwanci. Daga baya ta dawo Afirka ta zauna a Dakar, inda ta kafa cibiyar RAW Material Company a 2008, wurin baje koli da karatu da horar da matasa. A 2019 aka ba ta shugabancin gidan Zeitz MOCAA a Afirka ta Kudu. A Disambar 2024 aka zaɓe ta ta tsara babban baje kolin fasaha na birnin Venis na 2026, mace ta farko daga Afirka da ta sami wannan matsayi. Ta rasu a watan Mayun 2025, kafin a buɗe shi.

To, mu fa? A Birikitari ta Yawunde da Nubel ta Duwala, akwai gidajen da ke ajiye da kundayen kakanni, da allunan zayyana, da riguna masu aska takwas, da takubba. Duk dattijon da muka kai makwancinsa, yakan tafi da sanin wani akwati. Magada su buɗe, su rasa mai karanta ajamin, sai dillali ya saye da araha, ko ruwan damina ya cinye.

Muna roƙon iyaye, idan yaro ya nuna sha'awar tarihi ko zane, kada a ce masa ya ɓata. A haɗa masa karatun allo da na boko, domin mai karanta ajami da Faransanci yana da abin da ƙwararru da yawa ba su da shi. Kafin nan, kowane gida ya rubuta abin da yake da shi, da sunan mai shi na farko, tun dattawa suna raye. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe amanarsu.