Agusta: Sunan Namiji da Ya Zame Mana Sunan Wata

Duk manomin ƙasar Dambatta da Makoɗa ya san Agusta, watan marka, lokacin da gero ke fitar da kai, rumbu kuwa ya kusa zama wayam. Amma kaɗan ne cikinmu suka san cewa asalinsa sunan namiji ne.

Da harshen Latin na Rumawan da, Augustus na nufin mai alfarma. Majalisar dattawan Rum ce ta naɗa wa Oktabiyan wannan laƙabi shekara 27 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Bayan shekara 19 aka cire wa wata sunansa na da, Sextilis, aka sa masa na sarkin, kamar yadda Yuli ya samo nasa daga Yuliyas Kaisar.

Kuskure ne a ce Turawan da suka ci Kano a 1903 ne suka fara kawo mana shi. Malamanmu na hisabi sun riga sun san watannin shekarar rana daga littattafan Magrib, inda har yau ake kiran watan Gusht.

Daga laƙabin ne aka sami Augustine, sunan babban malamin Kirista da aka haifa a ƙasar Aljeriya ta yau a shekarar 354, kuma sunan yanka na ɗan ƙwallo Jay-Jay Okocha.

Mu dai mun raɗa wa 'ya'yanmu Sha'aban da Ramalan, amma ba mu raɗa Agusta. Yaron da aka haifa ruwa na zuba, kakanninmu Anaruwa suke ce masa.