Cin abinci bisa jin yunwa: Abin da mai son rage ƙiba ya kamata ya sani

Cin abinci bisa jin yunwa tsari ne da mutum yake barin jikinsa ya sanar da shi lokacin da zai sa hannu a kwano da lokacin da zai tsame, maimakon bin jadawalin da ke ƙayyade masa loma ko haramta masa wasu nau'o'in abinci. Batun ya shafi jama'a da dama, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da ƙiba mai yawa.

A Lafia, wadda ta zama babban birnin Jihar Nasarawa a ranar 1 ga Oktoba, 1996, ana iya ganin tushen matsalar a fili. Gari ne na doya, rogo, shinkafa, gyaɗa da riɗi, wanda ya cika da ma'aikatan gwamnati, 'yan kasuwa da ɗalibai. Malmalar sakwarar da manomi ke ƙonawa a wajen huɗar doya ita ce ake ajiye wa wanda ya wuni a kujerar ofis ya koma gida a Keke Napep. Aiki ya sauya, kwano bai sauya ba.

Asalin tsarin

Wasu masanan abinci biyu 'yan Amurka, Evelyn Tribole da Elyse Resch, su ne suka tsara wannan hanya a littafinsu mai suna Intuitive Eating da ya fito a 1995, inda suka jera ƙa'idoji goma. Daga ciki akwai girmama yunwa, lura da ƙoshi, daina raba abinci zuwa mai laifi da marar laifi, da motsa jiki don jin daɗinsa.

Sai dai tunanin ya girmi littafin. A koyarwar Musulunci akwai hadisin da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito, wanda ya yi nuni da a kasa ciki kashi uku tsakanin abinci, abin sha da numfashi. Mutanen tsibirin Okinawa na Japan kuma an san su da al'adar tsame hannu idan ciki ya cika kashi takwas cikin goma.

Yadda jiki ke sanar da yunwa da ƙoshi

Sinadarai ne a cikin jini ke kai saƙo ga ƙwaƙwalwa. Girelin, wanda masu bincike a Japan suka gano a 1999, tumbi ne ke fitar da shi. Yana hawa kafin cin abinci, ya sauka bayan an ci. Leftin, wanda aka gano a 1994 a Jami'ar Rockefeller da ke New York, kitsen jiki ne ke fitar da shi domin sanar da ƙwaƙwalwa yawan abin da ke ajiye. Buɗewar tumbi da isar abinci hanji su ma suna aika saƙon ƙoshi, amma ba nan take ba. Masana kan ƙiyasta kimanin minti 20, don haka mai saurin loma kan wuce ƙoshi kafin ya ji labarinsa.

Dalilin da horon ciki ke warwarewa

A 1944 zuwa 1945, masanin nan Ancel Keys ya jagoranci wani gwaji a Jami'ar Minnesota, inda aka rage wa maza 36 abinci kusan rabi na tsawon wata shida. Sun rasa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu, tunanin abinci ya mamaye su, kuma da aka sake musu mara wasu sun riƙa ci ba ƙaƙƙautawa. Wani binciken da aka wallafa a 2011 daga Melbourne ta Ostireliya ya nuna cewa shekara guda bayan mutane sun rage nauyi ta hanyar tsuke abinci, sinadarin yunwa bai koma yadda yake a da ba.

Ma'anar wannan ita ce jiki yana ɗaukar horon ciki a matsayin fari, sai ya ƙara yunwa ya kuma rage ƙona abin da aka ci. Abin da ake gani ga wanda ya ƙi karya kumallo, ya wuni da shayin rage tumbi, sannan da dare ya share malmala uku, ba raunin zuciya ba ne kawai.

Bambanta yunwa da kwaɗayi

Yunwa ta gaskiya kan zo sannu a hankali: ciki ya yi ƙugi, ƙarfi ya ragu, hankali ya fara rarrabuwa, kuma kowane abinci na iya kashe ta. Kwaɗayi kan faɗo ne farat ɗaya, ya nemi abu takamaimai, kamar tsire idan ƙamshinsa ya bugi hanci ko lemun kwalba mai sanyi, kuma yakan biyo bayan ɓacin rai, gajiya, zaman banza ko ƙarancin barci. Hausawa sun daɗe da cewa kwaɗayi mabuɗin wahala.

Masu koyar da tsarin kan ba da ma'auni daga 1 zuwa 10, inda 1 ke nufin yunwa mai sa jiri, 10 kuma cikar da ke hana numfashi. Ana so a fara ci a wajajen 3 ko 4, a dakata a 6 ko 7. Abubuwan da ke taimakawa sun haɗa da zama a ci a natse ba tare da waya ko talbijin ba, tauna sosai, dakatawa a tsakiyar ci don a saurari ciki, da shan ruwa, musamman a zafin Maris da Afrilu lokacin da ƙishi kan yi kama da yunwa.

Shin yana rage ƙiba?

Waɗanda suka tsara hanyar ba su gabatar da ita a matsayin maganin ƙiba ba. Bincike ya fi nuna cewa tana rage cin abinci na fitar hankali da damuwa kan siffar jiki, kuma sau da yawa nauyi kan tsaya wuri ɗaya maimakon ya yi ta hawa da sauka. Mai neman raguwar nauyi sai ya haɗa ta da gyaran abin da ke cikin kwano.

Dalili kuwa shi ne wasu abinci kan ruɗi ma'aunin ƙoshi. A 2019, gwajin da Kevin Hall ya jagoranta a Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka ya ba mutum 20 damar ci har su ƙoshi. A makonni biyun da aka ba su abincin da masana'antu suka sarrafa matuƙa, sun ci ƙarin kalori kimanin 500 a kullum, nauyinsu ya ƙaru da kusan kilo ɗaya. Abin sha mai sukari ma haka yake, yana shiga ba tare da ya ƙosar ba. A Najeriya, Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka.

Abincin da ke riƙe ciki ba baƙo ba ne a kasuwannin Lafia: wake da alale, dafaffiyar doya, kwaɗon zogale ko rama, miyar riɗi, agushi da kuɓewa, kifi, ƙwai, lemu da mangwaro a lokacinsu. Gyaran da ake bukata shi ne a rage malmala, a ƙara miyar ganye, a sassauta mai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa a rana, gishiri ƙasa da giram 5, da motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. Raguwar kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi, ko da a hankali ne, tana inganta hawan jini da sukari.

Inda al'ada ke shigowa

A gidaje da yawa ana kallon ƙiba a matsayin alamar hutu da wadata, ƙin tayin abinci kuma kamar raini ne. Cin kwano ɗaya kan sa a bi saurin abokan ci, sannan tilasta wa yaro ya cinye ko ya ƙoshi kan koya masa ƙin sauraron cikinsa. Ana iya karɓar tayi da loma kaɗan da godiya, a kuma zuba kaɗan tun farko a ƙara idan da bukata, tunda ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A watan azumi, buɗa baki da dabino da ruwa, a yi sallah kafin a zauna ga tuwo, yana ba saƙon ƙoshi lokacin isowa.

Waɗanda ya kamata su yi hattara

Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan maganin sauke sukari bai kamata ya jira yunwa ba, domin sukarinsa na iya faɗuwa har ya suma. Masu juna biyu, masu shayarwa, tsofaffin da sha'awar abinci ta ragu, da masu shan magungunan da ke buɗe ciki, ciki har da ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, duk suna bukatar shawarar likita. Haka kuma tsarin ya ginu ne kan samuwar abinci. Gidan da tsadar rayuwa ta tilasta wa ci sau ɗaya a rana, bukatarsa abinci ce mai gina jiki.

Mai son sanin matsayinsa zai iya raba nauyinsa na kilo da tsawonsa na mita sau tsawon. Sakamakon 25 zuwa sama nauyi ne da ya wuce kima, 30 zuwa sama kuma ƙiba ce mai yawa. Misali, mai kilo 85 da tsawon mita 1.65 zai samu 31. Irin wannan ya dace ya je asibiti a auna masa jini da sukari kafin ya sauya tsarin cinsa.